Gidan Tartsatsi da Sunan Yaya

Duk layin babu wanda ya san shi da wani suna sai Tartsatsi. Matarsa ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa, in kuwa suna shiri ta ce Baban 'Yan Biyu. Mai walda ne tun yana saurayi, gajere mai faɗin ƙirji, kuma ba shi da rigar da wuta ba ta yi wa huda ba, har wadda yake zuwa ɗaurin aure da ita. Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi, tsakanin mai faci da mai wankin mota. Rabin ƙofofin unguwar daga hannunsa suka fito, kuma in kuna tafiya tare sai ya riƙa nuna maka su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa maka wanda mai shi ya yi gardama da wanda mai shi ya san aiki.

Baki gare shi, wannan kam ba a magana. Ya yi faɗa da masu kwangila, ya yi da ma'aikatan wutar lantarki, ya taɓa tsayar da wani babban mutum a rana yana koya masa bambancin ƙarfe mai kauri da na banza. Tsoro kuwa bai san shi ba. Sai ya hau ƙafar tanki mai tsayin bene, yana walda yana waƙa, na ƙasa suna salati.

Amma duk wannan cika baki, da zarar ya tsaya gaban yayansa sai ka rantse kurma ne.

Yaya ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu. Direban babbar mota ne, dogo, marar son hayaniya, irin mutanen da in sun ce "to" an gama magana. Shi ya kama hannun Tartsatsi ya kai shi wurin koyon walda lokacin da makaranta ta gagara, shi ya nema masa aure, shi ya raɗa wa 'yan biyunsa suna. Har Tartsatsi ya yi furfura bai taɓa zama a kujera ɗaya da Yaya ba. In ya je gaisuwa sai ya rakuɓe a bakin tabarma, ya tsura wa yatsun ƙafarsa ido, ana ce masa "ya aiki" yana cewa "lafiya lau."

To, Tartsatsi yana da wani hali tun ƙuruciya: ya tsani garkuwar fuska. Wai ta sababbin shiga ce, wai tana hana shi ganin bakin ƙarfe. Shi dai ya kafa tsinken walda, ya kawar da kai, ya runtse ido ɗaya. Wanda bai taɓa walda ba bai san ciwon hasken nan ba. Ba a lokacin yake kama mutum ba. Sai ka tashi aiki lafiya ƙalau, ka yi wanka, ka kwanta, gari na wayewa ka ji kamar an cika maka idanu da yashi mai zafi, hawaye na zuba, ko ƙyallin taga ba ka iya kallo.

Ranar da ciwon ya zaɓa ya yi masa kamu mafi muni ita ce ranar da zai sayi gida.

Shekara da shekaru shi da matarsa suna haya, suna tari, ita da ɗinkinta shi da ƙarfensa, har suka samu wani ɗan gida mai ɗaki uku da rijiya. Mai gidan an yi masa canjin wurin aiki, har ya ɗaure kayansa a mota, ranar nan zai tafi. Dillali ya iso da sassafe ya tarar da mai saye a kwance a rigingine, an ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a fuska, yana nishi.

"Tashi mana, lauya na jira," in ji dillali.

"Ina zan tashi in je? Ko hannuna ba na gani."

"To wallahi akwai wani mai so, jiya ma ya kira ni."

Ƙarya ce ko gaskiya, Allah masani, dillali ne. Aka aika wa Yaya. Ya zo ya tsaya a kansa, ya dube shi, ya ce, "Ba na ce ka riƙa sa abin nan ba?" Sannan ya ɗauki jakar kuɗin ya bi dillali.

A ofishin lauya akawu ya tambayi sunan mai saye. Yaya ya ce na ƙaninsa ne. Akawu ya ce to ƙanin ya zo da katin shaidarsa ya sa hannu. Aka ce ba ya gani. Mai gida na duba agogo, direban motar kaya na danna hon a waje, sai akawu ya ce, "To Baba, a sa naka mana. In ya warke sai ku dawo a canza, abu ne mai sauƙi." Aka rubuta sunan Yaya a takardar ciniki, shaidu suka sa hannu. Da aka kai maganar ofishin filaye, su kuma babu ruwansu da ciwon idon kowa, sunan da suka gani a takardar ciniki shi suka buga a takardar mallaka. Yaya ya adana takardun a akwatinsa, don a lokacin rufin sabon gidan yana yoyo.

Ido ya warke cikin kwana biyu. "In ya warke" ɗin nan kuwa har aka aurar da 'yan biyu ba ta zo ba.

Ba wai an ɓoye wani abu ba ne. Kowa a dangi ya san gidan Tartsatsi ne, labarin ma abin dariya ne a wurin taro. Ya canza rufi, ya ƙara ɗaki, ya yi wa gidan get ɗin da babu irinsa a layin. Matar ce dai takan tuna masa, da fari shekara-shekara, daga baya duk lokacin da ta ji an yi rigimar gado a wani gida.

"Baban 'Yan Biyu, maganar takardun nan fa?"

"Ana nan, ana nan."

"Ana ina?"

Sai ya ɗauki hularsa ya fice. Don Allah me zai je ya ce? Yaya, ban yarda da kai ba? Ko kuwa, Yaya, na ga alamar ka kusa tafiya, ba ni kayana? Duk yadda ya juya maganar a ransa sai ta fito da ɗaya daga cikin biyun nan. Kuma da yake duk ranar da ya je gidan Yaya yana dawowa za a tare shi da "ka yi maganar?", sai ya samo dabara irin ta ragwaye: ya rage zuwa. Tun ana ganinsa duk mako, ya koma wata-wata, har ta kai sai an yi haihuwa ko rasuwa. In an yi masa ƙorafi ya ce aiki ne ya yi yawa. Aikin kuwa akwai shi, amma shi ya san ba shi ba ne.

Ana haka Yaya ya ajiye tuƙi, tsufa ya zo, sai mantuwa ta fara. Da fari abin dariya ne: ya sa rediyonsa a firij, ya yi ta neman hular da ke kansa. Sai ranar da ya yi wa matar ɗansa sannu da zuwa, ya tambaye ta daga wane gida take, alhali shekararta nawa a gidan. Likita ya ce abin ba ya komawa baya, sai dai a yi ta lallaɓawa.

Babban ɗan Yaya, mai shagon magani, mutumin kirki, shi ya zo har rumfa ya zauna a kan wani guntun ƙarfe.

"Baba Ƙarami, ni na san gidan naka ne, Mama ta sani. Amma mu da yawa ne, ga mazan ƙannena, ga yaran da aka haifa bayan an yi abin. Ina jin tsoron ranar da wani zai buɗe akwati ya ce shi abin da ya gani a rubuce ya sani."

Wani lauya da Tartsatsi ya taɓa yi wa ƙarfen taga ya ƙara masa bayani, bai kuma sassauta ba. Za a rubuta sabuwar takarda cewa Yaya ya mayar masa da gidan, a kai ofishin filaye a canza sunan a takardar mallaka. Amma dole Yaya ya je da ƙafarsa, cikin hankalinsa, ya faɗa da bakinsa, ya sa hannu. In hankalin ya riga ya tafi, sa hannun ba shi da amfani, sai kotu, sai an tara duk magada.

"Wato in na yi wasa," in ji Tartsatsi, "ni da matata haya muke a gidanmu?"

"Hayar ma sai in sun ga dama."

Ranar ko tsinke ɗaya bai ƙara ƙonawa ba. Washegari ya yi wanka, ya sa riga mai ƙarancin huda, ya tafi yana bitar maganar a hanya. Ya tarar da Yaya a tsakar gida a kan kujerarsa, garau da shi. Aka gaisa, aka tambayi yara. Tartsatsi ya gyara murya.

"Yaya, dama..."

"Ina jinka."

"Dama... get ɗin nan naka na ga yana jan ƙasa."

Kash! Haka ya koma ya ɗauko inji a bayan a-kori-kura, ya wuni yana gyaran get. Da ya isa gida matar ta tare shi a ƙofa.

"Me ya ce?"

"Ya ce a gaishe ki."

Bayan kwana biyu ya sake komawa, ya sake cewa "dama," wannan karon Yaya ne da kansa ya tari numfashinsa. "Yauwa, dama ina nemanka. Ƙarfen tagar ɗakin nan ya ci tsatsa." Tartsatsi har wani sanyi ya ji a ransa, kamar ɗalibin da aka ce malami bai zo ba. Daga nan fa aka buɗe ciniki. Kullum ya je da maganarsa a baki, kullum Yaya na da aiki a ajiye. Aka yi ƙarfen shanya. Aka yi marikin hannu daga ɗakin Yaya har banɗaki. Aka yi wa jikoki lilo. Aka yi kejin kaji mai hawa biyu da ƙofa da sakata, a gidan da ko ƙwai ɗaya ba a taɓa ƙyanƙyashewa ba. Yaya na zaune a inuwa yana kallo, yana cewa "ɗan ɗaga nan," ana kawo musu shayi, yana ba shi labarin hanyoyin da ya bi da mota.

Matar Yaya ta ce, "Ƙanin miji, saura ka yi mana walda a tukwane."

Matar Tartsatsi kuwa ta daina tambaya, abin da ya fi tambayar ciwo. Sai dai in ya shigo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sannu, Tartsatsi. Yau kuma me aka gina wa kajin?"

Wata safiya ya je ƙarasa wani ɗan teburin rediyo. Ya yi sallama, ya durƙusa. Yaya ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce, "Sannu Malam. Wa kake nema?"

Gidan ma bai zo wa Tartsatsi a rai ba a lokacin, wallahi, tsoro ne kawai ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a saman tanki ba. Matar Yaya ta fito da sauri tana cewa, "Haba, ƙaninka ne fa." Yaya ya ƙifta ido, ya yi dariya, ya ce ai ya sani, wasa yake. Ba wasa ba ne, duk su ukun sun sani.

Tartsatsi ya jona inji. Ya ɗauki garkuwar fuska, wadda tsufa da faɗan 'ya'ya suka tilasta masa amfani da ita, ya rufe fuskarsa. Cikin duhun nan, ba ya ganin Yaya, Yaya ba ya ganinsa, sai ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Yaya, takardun gidana nake so mu je a mayar da sunana."

"Me ka ce? Cire abin nan mana, da wa nake magana?"

Bai cire ba. Ya sake faɗa da ƙarfi daga cikin garkuwar, muryarsa na fita kamar daga cikin bokiti. Yana gama faɗa ya fara addu'ar ƙasa ta tsage. Can Yaya ya ce, "To. Ka gaya wa lauyan."

Shi ke nan fa. Abin da ya hana shi sakat rabin rayuwarsa ke nan.

Ranar zuwa ofishin filaye mai shagon magani ne ya kai su a motarsa. Yaya ya sha farar riga, ya rungume takardun a cikin leda, ya ƙi ba kowa. Lauya ya riga su isa da sabuwar takarda da hotuna. Aka ce su jira a wani dogon benci a baranda, tsakanin wata mai goyo da wani mai rigimar iyaka da ke nuna wa kowa taswirarsa. Jira ya yi tsawo, fankar sama na juyawa kamar ba ta so, Yaya ya yi gyangyaɗi. Da aka kira su ya farka a firgice ya ce, "An gama lodi? A ɗaure tamfol da kyau."

Tartsatsi ya dubi lauya, lauya ya dubi silin.

Jami'ar wata dattijuwa ce mai tabarau a ƙarshen hanci, fayil-fayil sun kewaye ta har kafaɗa. Ta karanta takardun a tsanake, ta gwada hotuna da fuskoki, sannan ta ce kowa ya yi shiru, da Baba take magana.

"Baba, ka san inda kake?"

Yaya ya waiga hagu da dama. "Ofis ne."

"Gidan da ke cikin takardar nan, na wane ne?"

"Nawa mana. Ba ga sunana nan ba?"

Gumi ya keto wa Tartsatsi har cikin takalmi. Mai shagon magani ya buɗe baki, ta ɗaga masa biro, ya rufe.

"To tunda naka ne, me ya kawo ka?"

Yaya ya juya ya daɗe yana kallon Tartsatsi. Sai ya nuna shi da yatsa. "Wannan ne ya jawo. Hajiya, kin ga yaron nan? Taurin kai gare shi. Na ce ya riƙa rufe fuska in yana walda, ya ƙi. Ranar da zai sayi gida ya kwanta yana kuka kamar jariri, ni na je na tsaya masa. Ko sisina babu a ciki, shi da matarsa suka tara. Ajiya ce, na kawo a ba shi abinsa. Ki rubuta sunansa, kuma ki yi masa faɗa."

"Yaron" da gemunsa fari fat ya sunkuyar da kai. Jami'ar ta yi dariya har ta cire tabarau, ta tura wa Yaya takarda. Ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi. Tartsatsi ya sa nasa, shaidu suka sa, aka buga hatimi. Ta ce su dawo bayan 'yan makonni su karɓi sabuwar takardar mallaka.

A waje, ɗan ya tafi ɗauko mota, lauya ya yi gaba, suka rage su biyu a ƙarƙashin wata bishiya. Tartsatsi ji yake kamar ya yi tsalle, yana ta tunanin yadda zai shiga gida ya ce wa matar ta tambaye shi mana, yau ta tambaye shi. Sai Yaya ya ce, ba tare da ya dube shi ba:

"Tun ranar get na san abin da ke bakinka."

"Yaya?"

"Ka zaci ban sani ba? Ni kiwon kaji zan yi yanzu?" Ya gyara hularsa. "Kafin nan sai in yi wata da watanni ban ga ƙeyarka ba. Da na ga ka fara zuwa, sai na ce bari in ɗan riƙe ka. Na san ban kyauta ba, da kan nan nawa ya tafi gaba ɗaya da na cuce ka." Ya juyo ya dube shi. "To yanzu ka karɓi abinka. Za ka zo jibi?"

Tartsatsi, mai bakin da ya gagari masu kwangila, ya tsura wa yatsun ƙafarsa ido. Kunya ta rufe shi, da wani baƙin ciki na shekarun da ya yi yana kewaye layin gidan yayansa saboda takarda.

"Zan zo, Yaya."

"Babu abin gyara fa. Ka gyare komai."

"Haka nan zan zo."

Sabuwar takardar ta fito da sunansa, matar ta sa ta a leda biyu ta kulle a inda ko shi bai sani ba. Har yau yana rumfarsa tsakanin mai faci da mai wankin mota, yana faɗa da masu kawo aiki. Sai dai in kana son ganinsa ka je kafin la'asar, don daga nan yake rufewa, ko aikin wane ne a ƙasa.

Wata rana Yaya ya gane shi, su sha shayi, a yi ta labarin hanya. Wata rana kuma ya karɓe shi da fara'ar baƙi, ya sa a ba shi kujera, ya nuna masa lilo da keji da marikin bango.

"Ƙanina ne ya yi," yakan ce. "Mai walda ne, hannunsa da kyau. Sai dai ba ya son zuwa."

"Zai zo, Yaya," in ji Tartsatsi, ya matso da kujerarsa kusa, ya zuba masa shayi.